Yadda ake zuwa Tafkin Bosomtwe da hunturu ba tare da dare ya rutsa da kai a Abono ba

Duk shekara da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kumasi, za ka ji samarin Aboabo da Asawase suna haɗa kuɗin mota za su je Bosomtwe. Na raka irin waɗannan tafiye-tafiye ba sau ɗaya ba, na kuma kai iyalina. Kuskuren da ake yi kusan guda ne: kowa yana lissafin zuwa, ba mai lissafin komowa.

Fara da zaɓen rana. Kada ka je ranar 26 ga Disamba ko 1 ga Janairu. A ranakun hutu irin waɗannan Abono, ƙauyen da yawancin baƙi ke sauka, cika yake da jama'a da kiɗa da masu shaye-shaye, ba inda za ka shimfiɗa tabarma ka yi salla da natsuwa. Ni Talata ko Laraba nake zuwa, daga tsakiyar Janairu, bayan masu hutu sun watse.

Sannan ka duba hazo tun jajibiri. Tafkin yana cikin wani ƙaton rami ne da dutse ya faɗo daga sararin sama ya haƙa, sama da shekara miliyan 1 da ta wuce. Faɗin ruwan ya kai kusan kilomita 8, tuddai sun kewaye shi ta ko'ina, ƙauyuka wajen 30 na zaune a gindinsu. Abin kallon ke nan, ka tsaya a gaɓa ka hango tuddan tsallake. Ranar da hazo ya sauko sosai, ruwa da sama haɗewa suke su zama fari fat, ka biya kuɗin mota ka koma ba ka ga komai ba. Idan ka fito da yamma ka ga rana ta zama kamar faifai, kana iya kallonta ido bai yi zafi ba, ɗaga tafiyar da kwana 2 ko 3.

A jaka: rigar sanyi ga kowane yaro, man kaɗanya na leɓe da ƙafa, buta, tabarma, ruwan sha mai yawa. Abinci kuwa a dafa daga gida, wake da shinkafa sun fi jure zama a kwano. Kifi kawai nake saye a can. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu, domin akan karɓi kuɗin shiga, kuma momo, wato biyan kuɗi ta waya, ba abin dogaro ba ne a cikin wannan kwari.

Tafiyar kilomita 30 ce ko sama kaɗan, kudu maso gabas da gari. Ka shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, na garin Kuntanase daga tashar Asafo, ya bi ta Atonsu. Cunkoson Atonsu ne ke cin lokaci, saboda haka ka bar gida ƙarfe 8 ka isa wajen 10, sanyin safe ya ɗan saki. Idan kun kai mutum 10, shatar mota guda tun daga Kumasi ta fi sauƙi idan aka raba kuɗin, kuma ta raba ku da matsalar da zan faɗa yanzu.

Daga Kuntanase tasi ake shiga. Hanyar tana hawa bakin ramin, sannan ta gangara da kwana-kwana har Abono. Ranar hutu motoci ba sa yankewa. Ranar Talata ta hunturu, wadda ni na ce ka zaɓa, direba yana sauke ka ya juya, kuma ba wanda zai gangaro wannan tudu da mota wayam sai ya san akwai fasinja.

Wata Laraba na kai maman yara da yaranmu 3. Direban da ya kawo mu ya ce in mun gama za mu samu mota a bakin hanya, ni kuma ban karɓi lambarsa ba. Muka yi la'asar, muka ƙara zama saboda yara na jin daɗin wasa. Wajen ƙarfe 5 da rabi muka fito, ba mota ko ɗaya. Tudu yana tare rana da wuri a can, iska kuma ta juya ta fara busowa daga kan ruwa. Ƙaramar tana sanye da 'yar riga mara hannu, sai karkarwa take, tana cewa, "Baba, yaushe za mu tafi gida?" Uwarta ta cire mayafinta ta lulluɓe ta. Bayan magariba wani mai shago ya tausaya mana ya kira ɗan'uwansa mai tasi, na biya ninki uku. Muka isa Kuntanase trotro sun yi ƙaranci, ba mu shiga Sabon Zango ba sai bayan ƙarfe 9. Yarinyar ta yi mako tana tari.

Tun daga ranar, ga abin da nake yi, kuma ba na sassauci a kai. Kafin in sauka daga tasi nake karɓar lambar direba, in kira shi nan take wayarsa ta yi ƙara a gabana. Mu yanke kuɗin komowa da lokaci, ƙarfe 4, ba "in mun gama" ba. Ba na biyan kuɗin komowa tun da safe. In karɓi lambar direba na biyu tun a tashar Kuntanase. Ƙarfe 3 in sake kira in tuna masa. Idan Twi ɗinka, wato yaren Asantawa, bai nuna ba, bari wanda ya iya a cikinku ya yi cinikin.

A bakin ruwa, ka girmama masu wuri. Tafkin mai tsarki ne a wajen Asantawa, shi ya sa za ka ga masunta a kan wani faffaɗan katako da suke kira padua maimakon kwalekwale, suna tuƙi da hannu. Ba addininmu ba ne, amma kai baƙo ne, kada ka yi musu dariya, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum. Tun 2016 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake kare halittunsu, don haka leda da gorar ruwa a mayar da su jaka.

Kwanciyar ruwan kada ta ruɗe ka. Zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, kuma an sha rasa rayuka a nan. Wanda bai iya iyo ba iyakarsa gwiwa. Jirgin yawo mai inji kuwa, in babu rigar ceto ga kowa, ba a hawa.

Sayi soyayyar karfasa da zafinta, ku ci da azahar. La'asar a yi ta a farkon lokaci, a naɗe tabarma, yara su sa rigunan sanyi tun kafin mota ta iso.