Kafin ka sauya ƙofar garejinka: awo, nauyi da sifirin

Mai gida idan ya tashi sauya ƙofar gareji, yawanci launi da zane yake fara dubawa. Amma a mafi yawan gidaje babu abin da ke motsi da ya kai wannan ƙofa girma da nauyi, kuma ba injin da ke buɗe ta ne ke ɗaukar nauyinta ba, sifirin ne, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ko murɗewa ya koma yadda yake. Aikin inji ja da turawa kawai. Saboda haka filin da kake da shi da nauyin ƙofar su ne ke yanke sauran shawara, kuma da su ya kamata a fara.

Fara da awo

Ka auna faɗin bakin garejin a wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Tsayin ma a hagu, tsakiya da dama. Ginin da ya daɗe ba kasafai yake zama daidai ba, kuma bambancin santimita 2 ya isa ya bar kafar da ƙura, ruwa da ɓera za su shigo. Girman da aka fi ƙerawa na mota ɗaya shi ne faɗin ƙafa 8 ko 9 da tsayin ƙafa 7, na mota biyu kuma faɗin ƙafa 16. Idan motarka doguwa ce ko tana da abin ɗora kaya a sama, auna ta ita ma, domin ƙafa 7 mita 2.1 ce kawai.

Awon da aka fi mantawa da shi yana cikin garejin. Ƙofa mai fallaye, wadda ke hawa ta kwanta a ƙarƙashin silin, tana buƙatar kimanin santimita 30 tsakanin saman bakin ƙofa da silin, da ƙarin 5 zuwa 8 idan za a sa inji. A kowane gefe tana son kimanin santimita 10 na bango mai ƙwari inda za a ɗaure layin ƙarfen da tayoyinta ke bi. Zuwa ciki kuma sai an sami tsayin ƙofar da ƙarin santimita 45, ko ƙarin sama da mita ɗaya idan injin na silin ne. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai bututun ruwa, fitila, fanka ko ginshiƙi a wannan fili. Idan saman ya yi kaɗan, akwai layi na musamman da aka ƙera don haka, amma tun wajen oda ake faɗa, ba ranar da masu aiki suka iso ba.

Ƙofa mai naɗewa ba ta cin silin, sai dai tana son wurin da naɗin zai zauna a sama. Mai falle ɗaya da ke ɗagawa gaba ɗaya kuwa tana fitowa waje kafin ta hau, don haka ba ta dace da gidan da ake ajiye wata motar daf da ƙofa ba.

Ka duba daɓen ma. Idan ya karkata, robar ƙasa za ta iya rufe ƙaramar tazara, amma babba sai an gyara siminti kafin a kafa ƙofa.

Abin da aka yi ƙofar da shi

Ƙarfe ne ya fi yawa. Kaurinsa da geji ake faɗa, kuma lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 24 ya kai kimanin milimita 0.6, geji 27 kuwa wajen 0.4 ne, ƙwallon yara ma tana iya lotsa shi. Inda iska ke da laima ko gishiri, ka nemi ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, ko alminiyam wanda ba ya tsatsa amma ya fi saurin lotsewa. Katako yana da kyau a ido, sai dai yana shan ruwa, yana kumbura, nauyinsa na ƙaruwa, kuma yana son fenti a kai a kai.

Batun soson da ake sa wa a cikin fallayen ƙofa don ya tare zafi da sanyi ya dogara ga yadda garejin yake. Idan yana haɗe da gida, ko akwai ɗaki a samansa, ko ana aiki a ciki, ya cancanci kuɗinsa. Wanda ake fesawa ya kumbura ya cika tsakanin fallen ƙarfe biyu ya fi wanda ake yankawa a cusa, domin yana ƙara wa ƙofar ƙwari yana kuma rage ƙara. Lambar R da masu sayarwa ke nunawa, wato ma'aunin yadda ƙofa ke tare zafi, galibi a tsakiyar falle aka auna ta, ba ta lissafa iskar da ke shiga ta gefe. Ƙofa mai babbar lamba da robar gefe marar kyau asarar kuɗi ce. Kuma gareji ya toshe da kyau ko bai toshe ba, kada a bar mota a kunne a ciki, hayaƙinta yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Sifirin

Nan ne aka fi yin kuskure, nan ne kuma aka fi jin rauni. Ƙofar ƙarfe ta mota biyu tana iya kai kilo 70 zuwa 100, ta katako ta wuce haka. Kowane sifirin an lissafa shi ne da nauyi da tsayin ƙofa guda. Idan ka sayi sabuwar ƙofa mai soso ko mai gilashi ka bar tsohon sifirin, za ta yi masa nauyi, inji ya riƙa ɗaukar abin da ba nasa ba har haƙoransa su cinye. Idan sifirin ya fi ƙarfin ƙofar, za ta riƙa fizgewa sama ta ƙi zama a ƙasa. Sabuwar ƙofa ta zo da sifirinta, layinta, igiyoyinta na ƙarfe da tayoyinta. Wanda ya ce zai rage maka kuɗi ya ɗora ta a kan tsohon layi, kada ka yarda, domin kaurin fallaye da lanƙwasar layi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sifirin iri biyu ne. Akwai na murɗawa, wanda ke kan sandar ƙarfe a saman ƙofa, da na miƙewa, wanda ke gefe biyu. Na murɗawa ya fi ɗaga ƙofa daidai ba tare da karkata ba. Idan na miƙewa aka sa, dole a zura igiyar ƙarfe ta cikinsa a ɗaure, don ranar da ya tsinke kada ya tashi ya sami mutum ko gilashin mota.

Ƙarkon sifirin da hawa da sauka ake ƙirga shi. Na gama-gari yana yin kimanin 10,000. Gidan da ke buɗe ƙofa sau 4 a rana zai cinye wannan a kusan shekara 7, mai buɗewa sau 8 kuwa a shekara uku da rabi. Idan ta gareji iyalinka ke shiga da fita, nemi mai 20,000 ko fiye. In ƙofar na da sifirin biyu ɗaya ya tsinke, a sauya duka, tunda tare suka tsufa.

Ɗaure sifirin na murɗawa aikin gwani ne mai sandunan da aka yi don haka. Kada a gwada da sukundireba. Haka ƙarafan da ke kusurwar ƙasa, inda igiyoyi ke kama ƙofa: duk ƙarfin sifirin yana kansu, kada a kwance notinsu.

Inji

Mai sarƙa yana da ƙarfi da sauƙin kuɗi amma yana da ƙara. Mai bel ya fi shiru, shi ya dace idan akwai ɗakin kwana kusa. Akwai kuma wanda ake kafawa a bango ya juya sandar sifirin kai tsaye, ba ya cin silin. Rabin ƙarfin doki ya ishi yawancin ƙofofin gida matuƙar sifirin ya daidaita. A sa ƙarfen ƙarfafawa a falle na sama inda hannun inji ke kamawa, in ba haka ba wurin zai tsage. Zaɓi rimot mai sauya lambar sirri duk lokacin da aka danna, saboda mai lamba ɗaya ana iya kwafarta. Idan garejin ba shi da wata ƙofa, batir na ko-ta-kwana da makullin saki daga waje wajibi ne, in ba haka ba ranar da wuta ta ɗauke motar ta kwana a ciki.

Idanun tsaro guda biyu, wato na'urorin da ke mayar da ƙofa sama idan wani abu ya gitta yayin da take sauka, ana kafa su a gefen ƙofa, kada su wuce santimita 15 daga ƙasa, don su ga yaro mai rarrafe. Amurka ta wajabta irin wannan kariya a injinan gida tun 1993. Tsohon injin da ba shi da su a sauya shi tare da ƙofar.

Ranar karɓar aiki

Kafin ka biya cikon kuɗi, rufe ƙofar, ja jar igiyar da ke raba ta da inji, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi ka saki. Ta tsaya a nan. Idan ta faɗo ko ta gudu sama, sifirin bai daidaita ba. Mayar da inji, kwantar da katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa, ka danna rufewa: tana taɓa shi ta koma sama. Gitta sandar tsintsiya a gaban idanun yayin da take sauka, ita ma ta juya. Shiga ciki da rana ka rufe, duk inda haske ya ratso, roba ba ta zauna ba. Ka karɓi garanti a rubuce, wanda ya raba na fallaye, na sifirin, na inji da na aikin hannu, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Bayan haka, sau biyu a shekara a fesa man silikon a sifirin, mahaɗan fallaye da boris na tayoyi. Layin kuwa gogewa kawai yake so da busasshen tsumma, giris a cikinsa ƙura yake tarawa har tayoyi su daina juyawa.