Darasi na 6: Gyaran muryar jita mai lantarki

Toh jama'a, yau darasinmu na masu kaɗa jita ne, irin wadda ake jonawa da amfulifaya a wurin biki ko a situdiyo ko coci, kamar yadda muke gani a Zuru da Yauri da nan cikin Birnin Kebbi. Ƙorafin da na fi ji wurin samari shi ne jitata ta dishe, muryarta kamar mai mura, sai su ruga wai sai an sayi sabon kaya. Dakata tukuna malam, sau da yawa ƙaramar sukudireba ce maganin abin.

Ɗauko jitarka ka duba ƙarƙashin tsirkiyoyi, akwai wasu ƴan akwatuna biyu ko uku, su ake kira fikof. A cikin kowanne maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, in tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ya haifar da ɗan lantarki, shi ne amfulifaya ke ƙarawa ƙarfi har ka ji a sifika. Wanda ke kusa da wuyan jita muryarsa mai kauri ce, na can ƙasa wajen da tsirkiyoyi suka ɗaure kuma mai kaifi ne.

Kafin ka taɓa komai, yaushe rabonka da sauya tsirkiya? In zufa da ƙurar hunturu sun cinye su har sun yi tsatsa, wallahi duk gyaran da za ka yi aikin banza ne, sauya su tukuna.

Yanzu sai awo. Danna tsirkiya a kan ƙarfe na ƙarshe na wuyan jita, wato wanda ya fi kusa da fikof, kana danne da ita ka duba ratar da ke tsakanin ƙasan tsirkiyar da kan maganaɗisu. A fara da kamar milimita 2.4 a ɓangaren tsirkiya mai kauri, milimita 2 ko ƙasa kaɗan a ɓangaren siririyar. In ba ka da rula mai milimita ga dabara, kaurin katin ATM ɗaya milimita 0.76 ne, ka haɗa uku ka samu kusan 2.3 ke nan. Amma don Allah tsofaffi waɗanda suka daina aiki, kar ka kai katin da kake cirar kuɗi da shi kusa da maganaɗisu ka zo kana cewa malam ne ya sa ka.

Galibi fikof yana da sukuru biyu, ɗaya a kowane gefe. Murɗa rabin zagaye kawai ka kalla ko sama ya yi ko ƙasa, don ba duk jita ce ke tafiya hanya ɗaya ba, sannan ka kaɗa ka saurara. In ya matso kusa da tsirkiya sauti zai ƙara ƙarfi da kaifi, shi ya sa wasu ke ɗaga shi har ƙarshe, to nan ne kuskuren, maganaɗisun zai riƙa jan tsirkiyar, sautin ya riƙa rawa kamar ba a saita ba kuma ya mutu da wuri, musamman a masu kaurin. In ka ji masu kauri sun danne ƴan sirara, sauke wancan gefen kaɗan ka bar na siraran. Bayan nan ka riƙa sauya makunni daga wannan fikof zuwa wancan, in ɗaya ya fi ɗaya ƙara ka sauke shi har su zo daidai, galibi na wuya ne ke son a sauke shi saboda a nan tsirkiya ta fi lilo.

In ka yi duk wannan har yanzu babu kaifi, duba wayar da ke zuwa amfulifaya, in ta yi tsawo sosai tana shanye kaifin, gwada gajera kamar mita 3 ka ji bambanci. Sai kuma cikin jitar, a bayan abin murɗa ƙara za ka ga an rubuta 250K ko 500K. Mai 500K ya fi barin kaifi ya wuce, shi aka fi sa wa fikof mai naɗi biyu, mai naɗi ɗaya kuma 250K aka saba ba shi don dama can shi mai tsini ne. Akwai kuma ɗan kafasita, wato wani ƙaramin kayan lantarki, a jikin abin murɗa murya, mai lamba 0.047 ya fi rage kaifi in ka murɗa ƙasa, mai 0.022 bai kai shi ba. Wannan aikin dalma ne, in hannunka bai saba ba kai wa mai gyaran rediyo, ka rubuta masa lambar a takarda. In ƙarar ƙas-ƙas kake ji lokacin murɗawa ƙura ce, mai gyaran ya fesa wa abin murɗawar maganin wanke lantarki. Amfulifaya kam kar ka buɗe ta ko an cire ta daga wuta, tana riƙe caji.

Aikin gida: auna ratar kowane fikof na jitarka a gefe biyu, ka rubuta lambobin a littafinka kafin gyara da bayan gyara, ka zo da su mako mai zuwa.