Darasi na 7: Shuka Dankalin Turawa a Lambun Gida

Dankalin turawa ba ya son zafi. Ya fi yin 'ya'ya idan ƙasa na da sanyi-sanyi, kamar digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyos. Idan zafin ƙasa ya kai digiri 30, ganye zai yi ta yaɗo amma ƙarƙashi babu komai. Don haka a wurare masu zafi a jira lokacin sanyi a shuka, a riƙa ban ruwa. Inda sanyi ke daskarar da ruwa kuwa, sai ya wuce tukuna.

Iri

A zaɓi dankali lafiyayye mai girman ƙwan kaza. Wanda aka tono kwanan nan ba ya tsira da wuri, yakan yi wata biyu ko uku yana hutawa. A baza irin a inuwa mai haske har idanunsa su fito da tsiro gajere mai kauri, kamar santimita 1 zuwa 2. Dogon farin tsiron da ke fitowa cikin duhu ba shi da ƙarfi, da an taɓa sai ya karye. Babban dankali ana iya raba shi, kowane yanki da ido biyu, a bar shi kwana 2 ko 3 wurin yankan ya bushe. Idan aka binne shi ɗanye, yana iya ruɓewa.

Shuka

A kafce ƙasa ta yi laushi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. A guji wurin da aka yi tumatir, barkono ko gauta a shekaru ukun baya, domin cutarsu ɗaya. A yi kunyoyi, tazarar santimita 75 tsakaninsu. A binne iri zurfin santimita 10, tsiro na kallon sama, tsakanin rami da rami santimita 30. Cikin mako 2 zuwa 3 zai fito.

Tara ƙasa a gindi

Nan ne mutane da yawa ke sakaci. 'Ya'yan dankali a saman irin suke fitowa, daga ɓangaren karan da ke binne. Idan shuka ta kai santimita 20, a ja ƙasa da fartanya a rufe rabin karan, bayan mako 2 ko 3 a sake. Duk ɗan da rana ta taɓa zai koma kore, ya yi ɗaci, kuma yana da guba, kada a ci shi. A kula kada bakin fartanya ya sari saiwa.

Ƙasa ta zauna da danshi, amma ruwa kada ya kwanta. A zuba ruwa a gindi, domin jiƙaƙƙen ganye shi ke jawo cutar da ke sa baƙin tabo har ganyen ya ƙone. Shukar da ta yanƙwane alhali ƙasa na da laima, a tumɓuke ta a fitar da ita daga lambun.

Bayan kwana 90 zuwa 120 ganye zai yi rawaya. A daina ban ruwa, a yanke karan, a jira mako biyu fatar ta yi ƙarfi, sannan a tono.