Ga masu shirin zuwa Marrakesh

'Yan uwa masu zuwa Maroko, don Allah kada kwanakinku su ƙare a cikin kasuwa kawai. Ku yi sammakon zuwa Madarasar Ben Yusuf kafin a cika, ku tsaya ku kalli sassaƙen katako da rubutun Larabcin jikin bango, gini ne na ƙarni na 16. Washegari ku nufi ƙauyen Imlil, gindin Dutsen Tubkal mai tsayin mita 4,167. Ku riƙe rigar sanyi mai kauri, sanyin can ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. Hawa ƙololuwa kuwa sai da ɗan jagora mai lasisi. In za ku sayi jakar fata, ku shinshina ta tukuna, wadda ba ta jemu ba wari take.