Yadda Za Ka Ziyarci Kogon Mawsmai a Indiya

Kogon Mawsmai yana gefen garin Sohra, wanda aka fi sani da Cherrapunji, a kan tudun jihar Meghalaya. Ruwa ne ya yi ta cin dutsen farar ƙasa shekara da shekaru har ya fafe shi.

1. Ka je tsakanin Nuwamba da Maris. Sohra na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, daga Yuni zuwa Satumba kuwa kamar da bakin ƙwarya ake yin sa.

2. Daga Shillong, babban birnin jihar, ka ɗauki tasi da sassafe. Kilomita 50 ne da 'yan kai, amma hanyar kwana-kwana ce, ga hazo, sai ka ware awa biyu.

3. Silifa ba naka ba ne a nan. Sa takalmi mai kama ƙasa, babbar jaka kuma bar ta a mota.

4. Yanki tikiti a ƙofa, ka hau matakalar da ta ratsa kurmi.

5. Wajen da ake bi a ciki kusan mita 150 ne, an sa fitilu. Sai dai ƙasa a jiƙe take, ga santsi. Wani wurin sai ka durƙusa, wani sai ka bi a karkace, ruwa mai sanyi na ɗigo maka a ƙeya. Mai tumbi zai ji jiki! Dafa bango kafin ka ɗaga ƙafa, ka bar tazara tsakaninka da na gaba.

6. Duwatsun nan masu tsini da ke reto daga sama, kallo kawai, kar ka ɓalla ko ɗaya.