Yadda Zaka Ƙirƙiri Yare Naka Na Kanka, Tun Daga Sauti Har Nahawu

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa yasan zaurance, a cusa wata gaɓa a tsakiyar kowace kalma don kada na gefe ya gane zancen. To amma zaurance ba sabon yare bane, Hausa ce aka sa mata sabuwar riga, kana cire rigar zaka ganeta. Yaren da muke magana a nan shine wanda yake da nasa sautin, nasa rubutun da nasa nahawun, kuma mutane sun daɗe suna yinsa. Wani likitan ido mai suna Zamenhof ya fitar da Esperanto a Warsaw a 1887 kuma har yau ana magana da ita, Marc Okrand ya ginawa finafinan Star Trek yaren Klingon, a nan gida ma Alex Igbineweka ya haɗa Guosa a 1965 daga Hausa da Yarbanci da Igbo da sauransu.

Kafin komai ka tambayi kanka su waye zasu yi yaren nan. Idan na labarin da kake rubutawa ne, mutanen ciki makiyaya ne ko masunta ko aljanu? Idan kuma kai da abokanka ne kawai a WhatsApp to sauƙi zaka nema. Sonja Lang da ta yi Toki Pona a 2001 kalmomi wajen 120 kacal ta sa da gangan, kuma yaren yana aiki.

Sai ka fara da sauti, kada ka fara da kalmomi. Nan ne mutane suke zamewa, mutum ya zauna ya rubuta kalma ɗari biyu daga ka, kowacce da kamanninta, in ka karanta su a jere bazaka ce yare ɗaya bane. Ɗauki takarda ka zaɓi baƙaƙe kaɗan da wasula, kuma abinda ka ƙi ɗauka yana da muhimmanci kamar wanda ka ɗauka. Yaren mutanen Hawai baƙaƙe 8 ne da wasula 5 kuma ba abinda suka kasa faɗa. Misali mu ɗauki p, t, k, m, n, s, l, w da wasula a, e, i, o, u. Kaga babu ƙ, babu ɓ, babu ɗ, babu ts, babu r, tun daga nan kunne zai ji ba Hausa bace.

Bayan nan ka kafa dokar gaɓa, wato yadda sautukan zasu jeru. Hausa bata yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, shi yasa muka ce burodi, muka ce sukudireba, bakinmu da kansa yake cusa wasali a tsakani. Naka yaren ma dole ya samu irin wannan taurin kan. A misalinmu bari muce kowace gaɓa baƙi ne da wasali, shikenan, sai n kaɗai aka yarda ta rufe gaɓa. Kenan wale da niko da sumin duk sun halatta, amma klast bata da wurin zama. Kuma ka yanke tun yanzu ko zaka sa karin sauti. Mu a Hausa muna dashi, kuka na hawaye da kuka ta miya rubutu ɗaya ne a boko sai murya ce take rabasu, haka gari na zama da gari na tuwo. Shawarata a yaren farko ka bar karin sauti, wahalar rubutashi kawai zata isheka.

Rubutu kuwa kada ka wahalar da kanka da wuri. Harafi ɗaya sauti ɗaya, kuma ka zaɓi haruffan da suke kan kibod ɗin wayarka, ai kana gani yadda muke fama da ƙ da ɗ a waya har yawancin mutane sun haƙura suna rubuta k da d, ga kuma Nijar suna rubuta ƴ mu a Najeriya muna rubuta 'y. Idan daga baya kana son haruffa naka na kanka akwai magabata a Afirka da zaka duba aikinsu, Sarki Njoya na Bamum a Fumban ta Kamaru ya ƙirƙiro rubutu wajen 1896, Solomana Kante ya yi N'Ko a 1949, sannan 'yan uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry sun yiwa Fulatanci Adlam a Gini tun suna yara. Amma wannan aikin ƙarshe ne, ka zana da biro kaga ko hannu zai iya gudu dashi kafin ka ƙawata.

Yanzu nahawu, kuma a nan nake so ka daɗe. Abinda zai faru in bakayi hattara ba shine zaka ɗauki jimlar Hausa ka canja kowace kalma da sabuwa, kaga ka koma zaurance kenan ba tare da ka sani ba. Maganinsa shine duk abinda Hausa take yi ka tsaya ka tambaya, dole ne? Mu muna cewa na sha ruwa, mai aiki, aiki, sannan abinda aka yiwa. Barebari da Turkawa da Japanawa aikatau, wato kalmar aiki irin su sha, a ƙarshe suke sawa, Larabcin littafi kuma yakan fara da shi. Mu muna raba kai da ke, shi da ita, Bayarabe kalma ɗaya yake amfani da ita ga mace da namiji. Bafulatani yana da mu iri biyu, mu har da kai da nake yiwa magana, da mu banda kai, wanda gaskiya abu ne mai amfani da zan so ka sata. Jam'i kuma Hausa ta cika rigima, gida gidaje, littafi littattafai, doki dawaki, kai kana iya sa ɗafi ɗaya kawai, wato ɗan ƙari a jikin kalma, kamar yadda Esperanto take ƙara j, take kuma rufe kowane suna da o.

Mu gwada. Sa shine ni, tu shine kai ko ke, wale ruwa, niko sha. Aikatau a ƙarshe, pa a jikinsa yana nufin an riga anyi, mo a bayansa yana korewa. Sa wale nikopa, na sha ruwa. Tu wale nikopa mo, baka sha ruwa ba. Da dokoki uku kacal har ka fara magana.

Sai kalmomi. Nemi jerin Swadesh a intanet, kalmomi 100 ne na asali irin su wuta, jini, ido, dare, dutse, ka fara dasu, sauran kuma ka haifo su daga waɗannan. Ka lura kada iyakar ma'ana ta zama irin ta Hausa sak, mu shan ruwa da shan iska da shan wahala duk sha ne, naka yaren yana iya rabasu uku, ko kuma ya haɗe ci da sha a kalma ɗaya. Ƙirga ma haka, ba dole bane goma-goma, Yarbawa ashirin-ashirin suke lissafi. Duk kalmar da ka ƙirƙira ka zubata a Excel ko Google Sheets nan take da ma'anarta da jimla ɗaya ta misali, in ba haka ba wallahi bayan wata biyu zaka ga kayi kalma uku duk na kare.

Daga nan sai gwaji na gaske, ka ɗauki gajeriyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko hirar ciniki a kasuwa ka juyata zuwa yaren. Layi na uku zaka tsaya cak, don zaka tarar baka da hanyar yin tambaya, baka da idan, baka da wanda, baka san yadda ake umarni ba. Kowane waje ka maƙale ka koma ka rubuta sabuwar doka a littafin nahawunka, sannan ka naɗi muryarka a waya kana karantawa, duk kalmar da harshenka ya riƙa tuntuɓe a kanta ka gajarta ta, in ma hakan ya karya doka a kalmomin da ake yawan faɗa irin su je da zo da ce ka barsu a karye, yarukan duniya ma a irin waɗannan kalmomin suka fi karya nasu dokokin.