Yadda ake canza kulocin tsohuwar Mazda MX-5

Idan kana Hawan Kibo, a hanyar Jos, a giya ta huɗu, ka taka totur injin ya yi ruri amma gudu bai ƙaru ba, ga ƙauri yana tashi, farantin kuloci ya cinye. A MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, ba a kaiwa gare shi sai an sauke giyabos, don haka kada ka sayi faranti kaɗai. Haɗa da firesha fulet (murfin da ke matse faranti), rilis boris (boris ɗin da ke sakin kuloci in an taka feda), ƙaramin boris na tsakiyar filawil (babban faifan ƙarfe na bayan inji da faranti ke mannewa) da oyil sil na bayan inji (robar da ke hana mai yoyo). Ka gaya wa mai kaya girman injinka: na 1.6 farantinsa milimita 200 ne, na 1.8 kuwa 215. Na Beljiyam a nan asarar kuɗi ne.

Cire kan batir, ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe huɗu ko ka nemi rami wurin makanikan Farin Gada a Jos; jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Zare sandar giya daga ciki, tsiyaye man giya, sauke salansa, furofela da kik. Silindar kuloci ta ƙasa kwance ta kawai za ka yi ka rataye, ba sai ka buɗe tiyo ba. Sai dogon ƙarfen da ya haɗa giyabos da aksul na baya. Tallafi giyabos da jak, kwance notocin kewaye, ka ja shi baya a miƙe.

Kwance tsohon firesha fulet da faranti, ka dubi filawil da kyau. Tabon shuɗi ko tsagewa na nufin a kai shi a goge, in ba haka ba sabon kuloci zai riƙa karkarwa a tashi. Mai a cikin ƙoƙon giyabos kuwa sil ne ke yoyo, kuma shi zai jiƙa sabon farantin. Notocin filawil ana ɗaure su 96 zuwa 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti).

Nan ake yawan kuskure. Ɓangaren farantin da sifirin ya turo waje shi ke fuskantar giyabos. Saita shi tsakiya da sandar saiti kafin ka ɗaure firesha fulet, kana tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen kaɗan-kaɗan har 18 zuwa 26 Nm. In farantin ya kauce ko da ƙiris, giyabos ba zai shiga ba, kuma jawo shi da noti lanƙwasa faranti yake yi. Giris a haƙoran shaf ɗin giyabos da ke shiga tsakiyar faranti shafawa kawai ake yi. In ya yi yawa zai fantsama kan faranti.

Mayar da komai, zuba man giya 75W-90 kimanin lita 2. Idan feda ta yi laushi, fitar da iska da man birki DOT 3. Kwanakin farko a bar fizgar mota har farantin ya zauna.